Tayar da Injin In Ji

"Tayar da injin in ji."

Wannan ce maganar farko da ke fita daga bakin bakaniken da ya san aikinsa. Kafin ya ɗauki sifana, kafin ya ɗaga murfi, sai ya karkatar da kai gefe guda kamar mai jiyo sallama daga ƙofar gida. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin kalmomi biyu ne suka zauna kusa da juna a cikinta kamar Hassan da Husaini: inji da in ji. Ba uwarsu ɗaya ba. Inji baƙo ne, daga Turanci muka karɓe shi tare da mota da fetur da batir. In ji kuwa ɗan gida ne tun kaka da kakanni. Amma zama wuri ɗaya ya sa sun saje a bakinmu, kuma ni da idona na ga ranar da ɗan gidan ya warkar da baƙon.

Yayana yana da kwangilar yankan ciyawa a wata makaranta a Kaduna: filayen ƙwallo biyu, da filin taron ɗalibai, da gefen hanyoyi. Daga Yuni zuwa Oktoba aikin ba ya yankewa, domin kirikiri ba ta jiran kowa. Ka aske ta yau, ruwa biyu ya sauka, ka dawo ka tarar ta miƙe. Da ya gaji da ɗaukar 'yan lauje, sai ya tara kuɗi ya sayi injin yankan ciyawa irin na 'yan kwangila, ɗan Kwatano, wanda ake hawa a zauna. Silinda biyu gare shi, da wuƙaƙe uku a ƙarƙashi, faɗin yankansa ya haura mita guda.

Mu da muka tashi da lauje, ciyawa a wurinmu abincin dabba ce, ko jinka, ko zana. Yanke ta don kawai fili ya yi sumul a ido al'adar Ingila ce, kuma can aka haifi na'urar. A shekarar 1830 wani injiniya mai suna Edwin Budding, a yankin Stroud, ya ga na'urar da ke aske gashin ulu a jikin yadi a masaƙa, ya ce abin da ya aske yadi zai aske fili. Daga masaƙa ke nan abin ya fito, ya biyo makarantu da bariki da filayen folo har ya iso hannun Yaya.

Shekara ta farko lafiya lau. A farkon damina ta biyu ne abin ya fara. Injin zai tashi da murza ɗaya, ya kama aiki kamar ba gobe, can sai ya mutu a tsakiyar fili. Yaya ya sauko, ya duba nan, ya duba can, ya zauna a inuwa. Bayan ɗan lokaci ya murza makulli, sai ya tashi kamar ba shi ba. Ya ɗora shi a a-kori-kura ya kai gareji. A can ya yi ta ruri a gaban mutane ba ko tari. Aka ce fulogi ne, aka canza. Aka ce kafireta ce, aka kwance aka wanke har sau biyu. Aka ce matatar mai ce, aka sa sabuwa. Kowane gyara sai Yaya ya dawo da murna, washegari kuma a koma gidan jiya. Makarantar ta fara ƙorafi, ciyawa ta kai ƙauri a bayan raga.

A nan ne na fara kula da irin kalmomin da muke yi wa abin.

Bahaushe bai taɓa ɗaukar inji a matsayin ƙarfe kurum ba. A bakinmu inji yana tashi, yana shan mai, yana tari, yana shaƙewa, yana zafi ya huce. Ƙarfinsa ma da doki ake auna shi. Idan ya tsaya mu ce ya mutu, kuma ba wanda zai yi salati, domin mutuwa tana da faɗi a Hausa: fitila tana mutuwa, aure yana mutuwa, jikin mutum ma yana mutuwa idan kasala ta sauko masa. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne kawai. Akwai ilimi a cikinsu. Inji da gaske yana numfashi. Tsarin bugu huɗu da Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a 1876 shi ne har yau a cikin injin Yaya: fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, tartsatsi ya kunna su su fashe su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Iskar da yake sha ta ninka man kusan sau goma sha biyar a nauyi. Idan yana gudunsa na aiki, wajen juyi 3,600 a minti ɗaya, wuta tana kamawa sau talatin cikin daƙiƙa guda a kowace silinda. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna kiran fulogi buji, kalmar da asalinta a Faransanci kyandir ne. Ɗan kyandir da ke kunnuwa ya mutu sau talatin kafin ka ƙifta ido sau biyu. Wanda ya ce inji yana da numfashi bai yi ƙarya ba.

Sai dai kalmar da ta ba shi numfashi ita ce kuma take ba shi zuciya, kuma nan tarkon yake. Da abin ya tsananta, sai maganarmu ta canza. Muka daina cewa ya mutu, muka koma cewa ya ƙi. Gardama gare shi. Sai ya ga dama yake aiki. Injin nan ba ya ji. Wani maƙwabci ma ya ja Yaya gefe ya ce masa ya tashi tsaye, kwangila ba ta rasa mahassada, ƙila hannu aka sa. Ban ga laifin Yaya da maganar ta shige shi ba. Abin da ya lalace gaba ɗaya yana da sauƙi a zuciya: ka ga fistin ya fashe, ka san inda ka dosa. Amma abin da ke yi yana bari yana cin mutum ta ciki, domin kullum yana ba ka rabin fata. Yana sa ka zama maƙaryaci a gaban bakanike, kana rantsuwa yana mutuwa alhali ga shi yana ruri. Daga nan zuwa cewa yana sane da abin da yake yi taki ɗaya ne. Kuma da zarar ka ce ya ƙi, ka rufe ƙofar tambaya, domin ba a binciken dalilin mai taurin kai, sai dai a lallashe shi ko a rabu da shi.

Alhali ruwa ba ya tsami banza. Inji ba shi da ganin dama. Duk ranar da ya mutu, wani sharaɗi ne ya cika. Duk lokacin da ya tashi, sharaɗin ne ya kau.

Wanda ya nuna mana haka wani dattijo ne mai gyaran janareta da injin ban-ruwa, wanda kowa ke kira Baba. Yaya ya ce zai kawo masa injin. Ya ce, "Kada ka kawo shi, Malam. Inda yake mutuwa, can za ni."

Ya zo da safe a kan tsohon babur, da 'yar jakar kayan aiki da ba ta fi ta wanzami ba. Bai taɓa injin ba. Ya tsuguna a gindin darbejiya ya fara tambaya.

"Yaushe yake mutuwa?"

"Wani lokaci ne, Baba. Ba shi da ƙa'ida."

"Wani lokaci ba lokaci ba ne. Da sanyin safiya ko rana ta take? A gangare ko a shimfiɗe? Kana cikin yanka ko kana tafiya kawai? Tanki cike ko ya yi rabi? Kuma in zai mutu, yana yi maka sallama, ko ɗaukewa yake kamar wutar lantarki?"

Yaya ya yi shiru. Wata biyu yana fama da abu, amma bai taɓa jera wa kansa waɗannan tambayoyi ba.

Daga baya na gane cewa kowace tambaya ƙofa ce, kuma bayan kowace ƙofa akwai mai laifi daban. Mutuwar inji iri-iri ce, kuma Hausa tana da kalma ga kowace. Akwai ɗaukewa: yana cikin ƙarfinsa sai ɗif, kamar an hura fitila. Wannan wuta ce ta yanke. A irin wannan inji akwai makunni a ƙarƙashin kujera, wanda aka sa don ya kashe injin idan direba ya faɗo, kada wuƙaƙe su ci gaba da juyawa. Idan makunnin ya saki ko bakin wayarsa ya yi tsatsa, to duk ramin da aka daka sai ya zaci direba ya tashi. Haka ma wayar da ta goge a jikin ƙarfe, tana taɓawa tana saki gwargwadon jijjiga. Shi ya sa Baba ya tambayi yanayin ƙasa.

Akwai kuma ciwon zafi. A cikin kwayil, wanda ke ba fulogi wuta, siririyar waya ce aka naɗa dubban zagaye. Idan ta tsufa ta samu tsaga, da sanyi bakin tsagar yana haɗe, wuta tana wucewa. Da ƙarfe ya yi zafi ya buɗa, sai tsagar ta rabu, tartsatsi ya ɓace. Ya huce, ta sake haɗuwa. Irin wannan inji ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi, don haka idan ɓurɓushin ciyawa ko sheƙar ɓera ta toshe zara-zaran ƙarfen jikin silinda, zafin yana ninkuwa. Shi ya sa ya tambayi safiya da rana.

Akwai ruwa a cikin mai, ciwon damina da na man bumburutu. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki ya yi lamo. A shimfiɗe ba ka jin ɗuriyarsa. Ka hau gangare ya gangaro bakin tiyo, injin ya shiga tari da atishawa. Shi ya sa ya tambayi gangare.

Sannan akwai mutuwar yunwa, wadda take zuwa da sallama. A cikin inji akwai wani ɗan ƙarfe da kanikawa ke kira gwamna, aikinsa ya riƙe gudu a ma'auni ɗaya: in kaya ya yi nauyi ya buɗe maƙogwaro, in ya yi sauƙi ya rage. Idan mai ya fara ƙaranci, gudu ya sauka, gwamna ya buɗe, gudu ya hau, ya sake sauka. Sai ka ji injin yana hawa da sauka kamar mai haki, har ya suma.

"Yana yin haka," in ji Yaya, a hankali. "Yana wuu-wuu kafin ya tsaya. Kuma abin da ke ɗaure mini kai, Baba, ranar da na cika tanki maƙil ya fi saurin mutuwa."

Baba ya gyaɗa kai bai ce komai ba. Ya dubi agogon hannunsa, sannan ya faɗi maganar nan: "Tayar da injin in ji."

Yaya ya hau ya kama layi. Ni da Baba muna zaune, ƙamshin ɗanyar ciyawa yana dukan hanci, balbelu suna bin bayan injin suna tsintar fara. Baba bai kalli filin ba. Kansa a sunkuye, yana wasa da wani tsohon fulogi a hannu. Minti ashirin da 'yan kai suka wuce. Ni ban ji komai ba, amma na ga ya ɗago. Sai bayan ya miƙe ya fara tafiya sannan kunnena ya kama abin: ƙarar ta fara lilo, ta hau, ta sauka. Kafin injin ya gama mutuwa Baba yana tsaye a kansa.

"Kada ka sauko! Kada ka taɓa komai!"

A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Duk gyaran da aka yi a baya, a kan inji mai sanyi aka yi shi, wato an je neman ɓarawo bayan ya koma gida ya kwanta. Baba ya zare wayar fulogi, ya cusa nasa, ya jingina shi da jikin ƙarfe, ya ce Yaya ya murza. Tartsatsi shuɗi ya yi tsalle, ƙas-ƙas-ƙas. Ya zagaya ɗaya silindar, haka. Kwayil ya fita daga zargi, da zafinsa.

Sai ya koma wajen tanki. Ya sa kunnensa dab da murfin, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru, ya murɗa a hankali.

Fuuuu.

Dogon numfashi, kamar na wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Mu uku duk muka ji.

Ya juya murfin a tafin hannunsa. "Malam, wannan ba nasa ba ne."

Nan Yaya ya tuna. A farkon damina murfin asali ya faɗi a fili, wuƙa ta bi ta kansa. Ya je kasuwa ya zaɓo wanda ya fi kowane kamawa, mai roba a ciki, don kada ruwan sama ya shiga masa mai. Kulawa ce ta sa shi. Abin da bai sani ba shi ne murfin asali yana da 'yar kafa da ba ta fi bakin allura ba, wadda iska ke bi ta maye gurbin man da ya fita. Duk wanda ya taɓa buɗe gwangwanin madara ya san kafa biyu ake hudawa, ɗaya ta madara, ɗaya ta iska. Ka toshe ta biyu da yatsa, ta farko ta daina zuba. Haka tankin ya zama. Mai yana fita, iska ba ta shiga, har tankin ya riƙe sauran man ya hana famfon mai ja. Idan tankin cike yake, iskar da ke sama kaɗan ce, don haka riƙon yana zuwa da wuri. Duk lokacin da injin ya mutu kuwa, abu na farko da Yaya ke yi shi ne buɗe tanki ya ga ko mai ne ya ƙare. Da hannunsa yake warkar da shi, sai ya ba hutu ladan. A gareji ma kowa sai ya leƙa tanki kafin ya tayar, kuma ba wanda ya taɓa barinsa ya yi minti ashirin. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Yaya ya so a tashi a tafi kasuwa nan take. Baba ya hana. Ya sassauta murfin, ya sa aka yi yanka na awa guda, injin bai ko yi tari ba. Sannan ya ɗaure murfin tamau, ya koma gindin darbejiya ya dubi agogo. Injin ya sake mutuwa, kusan a kan lokacinsa.

"Yanzu na yarda," ya ce. "Wanda bai iya kashe shi da gangan ba, bai san abin da ke kashe shi ba."

Wannan magana ta zauna mini. Tun daga ranar nake ganin cewa gyaran da Baba ya yi, a kan jimla ya fara yin sa kafin ya kai ga ƙarfe. Ya karɓi "wani lokaci yana mutuwa" daga bakin Yaya, ya yi ta feƙe ta har ta koma "yana mutuwa lokacin da ya yi minti ashirin da murfi a ɗaure, kuma ya fi sauri in tanki cike yake." Tsakanin wani lokaci da lokacin da, tazarar ba ta fi kalma ɗaya ba, amma a cikinta kuɗin fulogi da wankin kafireta da wata biyu na zullumi suka zube. Wani kalmar duhu ce: wani mutum, wani abu, wani wuri, duk abin da ba mu sa wa suna ba. A cikin wannan duhu ne zargi ke yin ƙwai. Da jimlar ta fito fili, ba a sake maganar mahassada ba.

Sai kuma na dawo kan tagwayen nan. Ashe in ji ma kala biyu ne. Akwai in ji na jita-jita: kafireta ce, in ji wane, hannu aka sa, in ji wance. Da shi aka yi duk gyaran farko, ana barin jaki ana dukan taiki. Akwai kuma in ji na Baba, wanda ke nufin bari in ji da kunnena, a wurin da abin ke faruwa, a lokacin da yake faruwa. Kalmar ji a Hausa ba ta tsaya ga kunne ba. Da ita muke jin zafi, da ita muke jin wari da ɗanɗano, da ita muke jin Larabci, da ita muke jin tausayi. Duk hanyar da duniya ke bi ta shigo cikin mutum, ji muke kiranta. Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne idan jin na in-ji-wane ne. Amma a filin nan idanu da yawa sun kalli murfin nan wata biyu ba su ga komai ba, domin sabo ne fil, yana sheƙi. Kunne ne ya kama shi.

Mun ce injin ba ya ji. Shi kuwa kullum yana faɗin ciwonsa da murya ɗaya, a kan lokaci ɗaya, bai taɓa sauya magana ba. Ina tuna haka idan na ji uwa ta ce ɗanta wani lokaci yana shiru ba dalili, ko majinyaci ya ce wa likita jikin ne dai wani lokaci ba daɗi. Ba na cewa mutum inji ne. Mutum yana da zuciya da ganin dama na gaske. Amma shi ma sau da yawa ana yanke masa hukuncin taurin kai kafin a samu wanda zai zo inda yake faɗuwa, ya zauna a inuwa, ya jira har abin ya faru a gabansa.

Washegari Yaya ya samo murfi mai kafa a wurin masu kayan gwanjo. Kafin ya ɗaura, na ga ya kai shi baki ya hura, ya sa kunne ya ji iskar ta fita ta ɗaya gefen. Ya hau ya murza makulli. Ƙarar ta miƙe sambal, ba hawa ba sauka, balbelu suka sauko, wasu yara masu buhu suka biyo layin suna kwasar ciyawa za su kai wa tumaki. Har azahar ina gindin darbejiya, ina ji.